Kura da shan bugu: Mai albashi da nauyin haraji a Kudancin Kano

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2026 da sabbin dokokin haraji na ƙasa suka fara aiki, da wuya ka zauna a majalisar ma'aikata ba a tayar da zancen abin da aka yanka a albashi ba. Wasu na cewa sun ga ɗan sauƙi, wasu na cewa ba su ga komai ba, wasu kuma sun haƙiƙance cewa tarko ne aka ɗana, gaba za a ji a jika. Ni kam abin da ya dame ni ya wuce 'yan Nairorin da suka ƙaru ko suka ragu. Tambayata ita ce: me mai biyan haraji yake zaton ya saya da kuɗinsa, kuma me ya hana shi zuwa ya ce a nuna masa kayan? Zan duba wannan tambaya ne daga ƙananan hukumomi huɗu na kudancin Jihar Kano, wato Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, domin a can ne, nesa da gadojin sama na birni, dangantakar ɗan ƙasa da hukuma take fitowa fili ba kwaskwarima.

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san wannan yanki. A ƙasar Bebeji madatsar ruwa ta Tiga take, haka ma tafkin Bagauda inda Makarantar Horar da Lauyoyi take da reshe. A Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru ake rabuwa, mai zuwa Jos ya ratsa Tudun Wadar Ɗankadai, ya keta dajin Falgore, ya faɗa ƙasar Doguwa wadda ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Bauci, inda garin Riruwai mai tarihin haƙar kuza yake. Ƙasa ce mai ni'ima, daminarta ta fi ta arewacin jihar ƙarfi, ga masara ga shinkafa ga rake ga waken suya, ga dabbobi. Ba za a kira yankin matalauci ta fuskar abin da Allah Ya hore masa ba.

To, su wane ne masu matsakaicin hali a irin wannan wuri? Ba masu gidaje a Nassarawa ba ne. Malamin makaranta ne da ya kai matakin albashi na goma ko sha biyu, da ma'aikaciyar jinya, da malamin gona, da akawun ƙaramar hukuma, da mai ɗan kantin magani a bakin tasha. Abin da ya haɗa akasarinsu shi ne sunansu na cikin takardar biyan albashi, don haka hukuma ba ta buƙatar aika kowa ya neme su. Kafin kuɗi ya shiga asusun mutum an riga an cire haraji, an cire na fansho, an cire na lafiya, an cire na ƙungiya. Shi kaɗai ne ɗan ƙasar da ba ya iya ɓoye ko sisin kwabo daga abin da yake samu.

Bari mu ɗora alƙalami a kan takarda. Sabuwar dokar, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta yafe haraji a kan Naira dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Wannan ya sa mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 71 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da shi a 2024 ya tsira, domin in aka cire kuɗin fansho abin da ya rage masa a shekara bai kai dubu 800 ba. Wannan alheri ne, kuma ya kamata a faɗa. Amma ɗauki mai albashin Naira dubu 250 a wata. A lissafina, in an cire masa kashi 8 na fansho, tsohuwar doka na karɓar kimanin dubu 310 a shekara, sabuwar kuwa dubu 294. Rangwamen da ya samu a wata bai kai Naira 1,500 ba, abin da ba zai auno masa kwanon shinkafa ɗaya ba. Dokar ta kuma soke tsohon sassaucin da kowa ke samu, ta maye gurbinsa da na kuɗin haya, kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, iyakarsa dubu 500. Wannan ya dace da ma'aikacin Legas ko Abuja. Malamin Ƙiru ko Burji da ke zaune a gidan gado, ko ya yi shekara goma yana ɗora bulo kan bulo har ya rufa ɗaki biyu, ba shi da rabo a ciki.

Wannan shi ne haraji na farko, kuma shi ne mafi sauƙi. Na biyu ba a rubuta shi a kowace doka ba. Shi ne kuɗin da ma'aikaci ke kashewa yana yi wa kansa aikin da ya riga ya biya hukuma ta yi masa. Ya haƙa rijiya ko ya sayi ruwa wurin mai kura. Ya sayi janareta ko sola. In taransifoma ta ƙone a yi karo-karo, kuma sunansa ne a saman takarda. Ya biya 'yan sintiri. Ya cire 'ya'yansa daga makarantar da shi kansa yake koyarwa ya kai su mai zaman kanta. Matarsa ta tashi haihuwa ya sayi safar hannu da ruwan ƙari da allura, in abu ya yi tsanani ya ɗauki shatar mota zuwa Kano. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ninka. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ga kuma harajin sayen kaya da aka fi sani da VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, yana bin sa har cikin katin waya.

Haraji na uku shi ne na dangi. A ƙauye, wanda ya yi boko ya samu aiki shi ne ma'aikatar jin ƙai, shi ne asusun inshora, shi ne hukumar ba da tallafin karatu. Takin gwaggo, maganin kawu, kuɗin jarrabawar ɗan yaya, ragon sunan maƙwabci, duk ƙofarsa suke bugawa. Ba na kushe wannan, zumunci ne, kuma shi ya riƙe al'ummarmu ba ta wargaje ba. Amma a sani cewa wanda ake yi wa kallon mai hali a Tudun Wada yana ɗauke da kaya uku a kai guda.

Abin mamaki, duk da wannan nauyi, ba kasafai za ka ji shi yana tambayar ina kuɗin suka tafi ba. Don gane dalili sai mun waiwayi baya.

Haraji ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin jihadi akwai kuɗin ƙasa da jangali da sauransu, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa irin waɗannan karɓe-karɓe a littafinsa Kitabul Farƙ cikin zaluncin da yake zargin sarakunan zamaninsa da shi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai suka tattara su, suka mai da biya da tsabar kuɗi, suka kafa baitulmali, suka ɗora karɓa a wuyan hakimi da dagaci da mai unguwa. Da kaka ta yi sai a fito. Wanda bai da shi ya sayar da hatsin da zai ci da iyali, ko akuyar matarsa, ko ya tsere cin rani. Dattawan yankin nan har gobe suna ba da labarin shanya mutum a rana a ƙofar fada saboda kuɗin haraji. Daga cikin abin da aka tara En'e na riƙe kasonta, kuma da irin wannan kuɗi ne ta samar wa birnin Kano ruwan famfo da lantarki a farkon shekarun 1930. Wato manomin Bebeji da makiyayin Falgore sun taimaka wajen kunna fitilar da ba ta haska garinsu ba. Wannan ɗaci shi ya ba NEPU ta Malam Aminu Kano kasuwa tun daga 1950.

Saboda haka ranar da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya hau mulki a 1979 ya soke haraji da jangali, kamar yadda Alhaji Balarabe Musa ya yi a Kaduna, talaka ya yi murnar da ta cancanta. An cire masa ƙaya. Sai dai akwai abin da ya biyo baya wanda ba mu cika tattaunawa ba. Gwamnati ta iya yafe kuɗin talaka ne saboda ta samu wani nonon, wato man fetur. Daga lokacin, shugaban ƙaramar hukuma ba ya buƙatar manomi ya yi albarka kafin ya biya albashi, idonsa na kan kason da ke zuwa daga asusun tarayya, inda ƙananan hukumomi ke da kashi 20.6 cikin 100. Shi ma talaka, tunda bai ga an karɓi komai a hannunsa ba, sai ya ɗauka kuɗin gwamnati daga sama suke faɗowa. A da ana karɓa da bulala ba a yin bayani. Yanzu an daina bulalar, bayanin ma ba wanda ya nema.

Daga nan ne, a ganina, ra'ayoyi uku suka tsiro game da mece ce gwamnati. Na farko na ganin ta a matsayin uwa mai rabo: ta ba da taki, ta ba da tarakta, ta ba da aiki, ta ba da kujerar Makka. Mai wannan ra'ayi yana auna ɗan siyasa ne da yawan babura da kekunan ɗinkin da ya raba, in an gina masa aji biyu sai ya yi tattaki ya je godiya, kamar daga aljihun wani aka ciro. Na biyu na ganin dukiyar hukuma ganima ce, wanda ya samu dama bai ɗiba ba shi ne wawa. Na uku kuwa na ma'aikacin da ya yi boko ne, wanda ya yanke ƙauna, ya ɗauki abin da ake yanka masa tamkar kuɗin da ya faɗi a kasuwa, ya koma yana gina 'yar ƙaramar gwamnatinsa a cikin gida. Wannan na uku ya fi ba ni tsoro, domin shi ne kaɗai ya haɗa abu biyu: shi ke biya, kuma shi ya iya karanta kasafin kuɗi. In ya yi shiru, wa zai yi magana?

Kada a ce mutanenmu marowata ne ko ba su san amfanin haɗa hannu ba. Mutumin da ke kiran haraji zalunci shi ne zai fitar da buhu ɗaya cikin goma na zakka ba wanda ya tsare shi, ya ba da siminti a gina masallacin Juma'a, ya fito aikin gayya a cike kwazazzabon da ya cinye hanya. Bambancin kawai shi ne a nan yana ganin inda kuɗinsa ya sauka. Ko Hukumar Zakka da Hubusi da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa a 2003 ba ta hana masu hali da yawa fifita miƙawa da hannunsu ba. Gani ya kori ji.

Kuma ba za a ce yankin bai taɓa ganin aikin hukuma ba. Madatsar Tiga da gwamnatin Audu Baƙo ta gina tsakanin 1971 da 1974 ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, ruwanta kuma yana cikin abin da birnin Kano ke sha. Shekara hamsin ke nan ana cin moriyarta, shi ya sa sunan Audu Baƙo bai ɓace a bakin mutane ba. Haka nan a wajajen 2015 da 2016 da dajin Falgore ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, babu wani karo-karon unguwa da zai iya maganin abin, sai da gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta haɗa ƙarfi da jami'an tsaro, daga bisani aka kafa wurin horar da sojoji a dajin. Akwai aikin da sola da burtsatse da ɗan sintiri ba za su taɓa yi ba. Ma'aikacin da ya ɗauka zai iya rayuwa ba gwamnati yana yaudarar kansa ne.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Harajin albashin ma'aikacin Doguwa baitulmalin jiha yake tafiya, kuma doka ta ce jiha ta ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarta ga ƙananan hukumomi. Ma'aikata nawa ne suka san da wannan, balle su bi sawu? Kuɗin ma'adinan Riruwai na tarayya ne. Kason ƙananan hukumomi ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye, hukuncin da aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da shi. Duk inda ka duba, kuɗi na barin yankin ta hanya mai faɗi, yana dawowa ta ƙofar da ba wanda ke gani. Ba banza ba kiran a ƙirƙiro Jihar Tiga ya ƙi mutuwa, har Sanata Kawu Sumaila ya kai ƙudurinsa majalisa a 2024. Ko mutum ya yarda da sabuwar jiha ko bai yarda ba, kukan da ke ƙarƙashin kiran shi ne gwamnati ta yi nisa.

Muhawarar da aka tafka kan waɗannan dokoki ta ƙara tona mana asiri. Bayan an miƙa ƙudurorin ga majalisa a Oktoban 2024, gwamnonin Arewa da sarakuna sun taru a Kaduna sun yi watsi da tsarin rabon VAT da aka kawo. Ɗan majalisar Ƙiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin Kofa, na cikin 'yan tsirarun wakilan Arewa da suka fito fili suka kare ƙudurorin, ya kuwa sha suka. Daga ƙarshe aka daidaita: jihohi suka samu kashi 55 maimakon 50, kuma a raba rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Gwamnonin sun yi abin da ya kamace su, sun kare kasonsu. Amma mai karatu ya lura: watanni muka kwashe muna jayayya a kan yadda za a raba, ba mu ɓata ko mako guda a kan yadda za a kashe ba. Ƴan boko sun cika gidajen rediyo da Facebook suna taya gwamnoni faɗan rabo, ba su ce a haɗa da sharaɗin bayyana lissafi ba.

Sannan ga batun waɗanda ba su shiga koma ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a 2023 kuɗin shigar da Kano ta tara bai kai Naira biliyan 40 ba, alhali na Legas ya haura biliyan 800, kuma a jihohin ƙasar nan jimilla fiye da rabin harajin da ake tarawa daga albashi yake fitowa. Jihar da ke taƙama da Kantin Kwari da Dawanau da Singa! Attajirin da ke loda tirela goma na masara daga Doguwa a kaka ɗaya yana iya cin ribar da malami ba zai samu a shekara ashirin ba, amma mai yiwuwa malamin ya fi shi biyan harajin kuɗin shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai shi ma ɗan kasuwa yana da nasa kukan, musamman ƙarami: kuɗin rumfa, kuɗin tasha, kuɗin lodi, da masu tsare hanya riƙe da rasit kala-kala wanda ba wanda ya san asusun da yake shiga. Wannan ma haraji ne, kuma a kan farashin kwanon masara yake ƙarewa, wato ya sake komawa kan mai albashi.

Wasu ƙasashe sun nuna mana inda irin wannan ke kaiwa. A Kenya, cikin Yunin 2024, matasa masu ilimi sun bi ƙudurin haraji sashe-sashe, suka fassara shi cikin harsunansu, suka fito titi har Shugaba William Ruto ya janye shi, bayan an yi asarar rayuka. Mu ma mun ga abin da ya faru a Kano a zanga-zangar Agustan 2024. Ba na yi wa kowa fatan haka. Darasin shi ne tambayar da ba a ba ta ƙofa ba, ta katanga take shigowa. A gefe guda, Legas a zamanin Babatunde Fashola ta ƙara yawan masu biya ne ta hanyar danganta kowane titi da kowace motar haya da kuɗin harajin jama'a, har mutane suka fara ganin aikin a matsayin nasu.

Mene ne abin yi? Ba ina kira a dawo da harajin kai ba, wancan zamani ya wuce, Allah kada Ya maimaita. Abu na farko, kowace ƙaramar hukuma ta liƙa abin da ya shigo mata da abin da ta kashe duk wata a ƙofar sakatariya da manyan kasuwanni, da boko da ajami, a kuma karanta a rediyo. Tun 2004, zamanin Ngozi Okonjo-Iweala, ake buga kason kowace ƙaramar hukuma, saura ɓangaren kashewa. Na biyu, a aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli, a kuma bayyana kashi 10 na jiha a fili. Na uku, a share masu tsare hanya, a koma rasit ɗaya mai shiga asusu ɗaya, sannan a tunkari manyan 'yan kasuwa da masu gidajen haya da 'yan kwangila da hujjar aikin da za su gani da ido. Na huɗu, kuma wannan namu ne: ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan lafiya da na ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa na 'yan asalin yankin mazauna Kano da Kaduna da Abuja, su ƙara buƙata ɗaya a kan ta ƙarin albashi, wato a ba su lissafi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su wannan dama. Akanta ɗaya da lauya ɗaya da injiniya ɗaya daga kowace gunduma sun isa su zauna da kasafin ƙaramar hukumarsu sau huɗu a shekara, su fassara wa jama'a.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikacin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ya riga ya biya kuɗin rufin tun kafin albashi ya iso hannunsa, don haka in ya tambayi magini ba roƙo yake ba, ba kuma rashin kunya ba ne. Ranar da ya fara tambaya, manomi da makiyayi za su koya daga gare shi cewa aji biyun nan da rijiyar nan ba kyautar kowa ba ce. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin bin sawunta.